MANYAN BAƘI KO MANYAN BAKI? MAGANA GA MU MASU DIZAIN A WAYA

Tun ranar 26 ga Agusta nake riƙe da wannan magana a raina, ina cewa bari dai in yi shiru kada a ce na cika ƙorafi. To jiya da daddare wani ƙanina ya turo min fostar taron ƙungiyarsu wai in duba masa, na ga abin da na gani, sai na ce a'a, yau kam sai na rubuta. Rubutun yana da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai ya samu sarari.

Duk wanda ya leƙa Facebook ko sitatus ɗin WhatsApp a Ranar Hausa ta Duniya ya ga fostoci iri-iri. Wallahi wasu sun yi kyau ƙwarai. Ga dagin Arewa, ga mahaya dawaki, ga hoton ƙofar gari, launi ya zauna, kai ka ce daga wani babban kamfani suka fito. Mafi yawansu kuma yaranmu ne suka haɗa su a wayar hannu, wasu ma a bayan Keke Napep. Na yi murna da hakan. Amma da na tsaya karanta abin da aka rubuta sai murnar ta koma ciki. Sai ka ga an sa irin su "Mu daga martabar harshenmu a kasa baki daya." Daga ina zuwa ina? Wace kasa, macijiyar ko kuwa kasawa? Fostar da aka yi don a girmama Hausa, ita ce ta fara yanke wa Hausar ƙafa. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ.

Kafin wani ya ce ina nuna wa mutane yatsa, bari in fara da kaina, don ni ma na yi, kuma na ji a jikina.

Ni ba ƙwararren mai zane ba ne, aikin koyarwa nake yi. A lokacin kullen korona na 2020, da zaman gida ya ishe ni, na sauke PixelLab da Canva da PicsArt na fara wasa da su. Da hotunan barka da Juma'a na fara, irin waɗanda ake damun mutane da su da sassafe. Daga nan sai katin suna na ɗan abokina, sai tambarin wata mai sayar da turaren wuta a layinmu, wanda ta biya ni da turaren. A hankali unguwa ta san cewa Malam yana taɓa dizain.

Bayan kamar shekara biyu, Islamiyyar unguwarmu za ta yi walimar sauka. Baffana shi ne shugaban kwamiti, ya ce tunda ga ɗa a gida me zai kai su waje. Ya ba ni sunayen ɗalibai da na waɗanda aka gayyata, ya ce kati 300 da bana guda ɗaya. Na kwana biyu ina aikin nan. Na samo wani salon haruffa mai lanƙwashe-lanƙwashe, ruwan gwal a kan kore, abin gwanin sha'awa. Matsala ɗaya: duk inda na rubuta ƙ ko ɗ, sai harafin ya fito siriri, tsayinsa daban, kamar baƙon da ya shigo sahu da wata rigar. Ya ɓata min tsarin gaba ɗaya. Na zauna ina kallo, sai na ce wa kaina ai kowa zai gane, na bi na goge lanƙwasar duka na sa k da d da b. Nan take kati ya yi fes.

An buga, an fara rabawa. Kwana uku sai ga kiran Baffa bayan Magariba.

"Kai, zo nan gida yanzu."

Na tarar da shi a zaure da wani amininsa, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya, katin yana hannunsa. Baffa ya ce, "Karanta min nan." Na duba. A saman sunayen mai unguwa da limamin Juma'a da wani dattijo da ya gina wa makarantar aji biyu, da manyan haruffan gwal, an rubuta MANYAN BAKI.

Na ce, "Baffa ai baƙi ake nufi, kwamfuta ce ba ta..."

Tsohon malamin ya katse ni, cikin ruwan sanyi ya ce, "Ɗana, kwamfuta ba ta san Liman ba. Kai ka san shi."

An riga an raba kusan kati ɗari. Sauran da banar ni na biya aka sake bugawa, a watan da albashi ma bai shigo da wuri ba. Kuɗin bai dame ni kamar yadda Baffa ya bi gida-gida da kansa yana musanya wa manya katin ba, yana ba da haƙuri a kan laifin da ba nasa ba. Har yau in muka haɗu a taron dangi wani ƙanen mahaifiyata "Manyan Baki" yake kira na.

Bayan wannan ne na zauna na binciki abin da ke faruwa, kuma shi nake so masu wannan harka su fahimta, don da yawa suna ɗauka waya ce ba ta iya Hausa ba. Waya ta iya. Haruffanmu masu lanƙwasa suna cikin Unicode, wato tsarin da duniya ta amince da shi na bai wa kowane harafi lambarsa, kuma sun daɗe a ciki. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa, ka shiga saitin harsuna ka ƙara ta, shi ke nan. Inda gizo ke saƙar shi ne salon haruffan, abin da muke kira fon. Kowane fon mutum ne ya zauna ya zana haruffansa ɗaya bayan ɗaya. Mafi yawan masu zanawar Turanci da harsunan Turai suka yi wa aiki, daga A zuwa Z da ɗan abin da ba a rasa ba, sai su tashi. Ba su zana ƙ ba don ba su san da ita ba. To in ka rubuta ta, manhajar sai ta je ta aro daga wani fon ɗin ta liƙa, shi ya sa kake ganin ta daban. In ba ta samu na aro ba sai ta sa maka ɗan akwati fanko.

Wannan ɗan akwatin ma har suna gare shi, tofu ake ce masa, wato awara, saboda kamar da suka yi. Kamfanin Google ya fitar da jerin haruffa da ya kira Noto, sunan ma daga nan ya samo asali, ma'ana babu sauran awara. Noto Sans da Noto Serif duk suna da haruffanmu, kyauta ne. Akwai Andika da Charis da Gentium na ƙungiyar SIL, waɗanda dama don harsuna irin namu aka yi su, su ma kyauta. A PixelLab kana iya sauke fon ka shigar da shi da kanka. A Canva shigar da naka sai mai biyan kuɗi, amma ko a na kyautar in ka yi haƙurin dubawa za ka samu waɗanda suka dace. Ni yanzu kafin in fara kowane aiki sai na rubuta jimla ɗaya na gwada: "Ɓarawo ya ɓoye ƙwarya a ɗakin Ɗanladi a Ƙofar Mata." Duk shidan suna ciki, manya da ƙanana. Fon ɗin da ya faɗi wannan jarrabawar, komai kyansa, sai dai ya yi haƙuri. 'Yan uwanmu na Nijar su ƙara da ƴ, tunda ita suke rubutawa a inda mu muke sa 'y.

Kun ga ke nan magani yana nan, kuma ba na kuɗi ba ne. Abin da na yi a katin nan, da abin da da yawanmu muke yi, zaɓi ne. An ajiye mana kyan gani a hannun dama, daidaiton harshe a hannun hagu, muka ɗauki kyan gani. Wannan shi ne ainihin maganata.

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jin ta: "Malam ai ana ganewa." E, sau da yawa ana ganewa. Bahaushen da ya tashi da harshen zai cike gurbin da kansa. Amma ba kullum ba. Ƙare da kare ba ɗaya ba ne. Ƙarya da karya ba ɗaya ba ne, kuma kowa ya san wacce ce ba a so a jingina wa mutum. Ɗa da da, ɓata da bata, ɗaura da Daura. Sannan fosta ba hirar WhatsApp ba ce da za ka ce ka yi sauri. Abu ne da ake liƙawa a bango ya yi wata shida, yaro ɗan aji uku yana wucewa kullum yana haɗa baƙi yana karantawa. Ni da nake aji na san abin da nake gani a takardun yara. Na taɓa gyara wa wata yarinya "daki" na mayar "ɗaki", ta ce min ai haka aka rubuta a allon shagon kayan ɗaki na bakin titinsu. Me zan ce mata? Allon ya fi ni girma, kuma yana da fitila.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne babu wanda yake yi wa Turanci haka. Mai dizain ɗin da zai goge lanƙwasar ƙ ba tare da ya ji komai ba, in ya yi kuskuren harafi ɗaya a Turanci sai ya sauke fostar ya nemi afuwa, don kada a ce bai yi makaranta ba. Bafaranshe ba ya yarda a cire masa 'yan alamomin da ke kan wasulansa wai don rubutu ya yi kyau. Mu ne kawai muka yarda harshenmu ya rage tsawo don ya shiga rigar wani.

Kuma fa a tuna, waɗannan haruffa ba jiya aka ƙirƙiro su ba. Tun wajajen ƙarshen shekarun 1930 ake buga Hausa da su. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939, zamanin da ake jera haruffan dalma da hannu ɗaya bayan ɗaya. Mutanen da sai an ƙera musu harafi da ƙarfe kafin su buga shi ba su ce wahala ta yi yawa ba. Mu da abin bai wuce danna yatsa na daƙiƙa ɗaya ba, mu ne muka gaji.

To yanzu bari in juya ga ɗaya ɓangaren, don na san akwai waɗanda tun ɗazu suke gyaɗa kai suna cewa ai dama mun faɗa, waɗannan 'yan dizain ɗin waya su suka lalata sana'a. Ina nufin wasu daga cikin yayyenmu na shagunan buga takardu, masu CorelDraw da Photoshop. Ina girmama su, a wurin ɗayansu na koyi abubuwa da yawa. Shi ya nuna min dalilin da ya sa launin da ke haske a waya yake fitowa a dushe a takarda, saboda waya da haske take haɗa launi, inji kuma da tawada huɗu. Shi ya hana ni turo aiki a matsayin hoto ta WhatsApp, don yana matse shi ya rage masa inganci, ya ce in riƙa turowa a matsayin fayil ko in mayar da shi PDF. Shi ya koya min cewa a CorelDraw in ka gama sai ka mayar da rubutun zane kafin ka kai wata kwamfutar, in ba haka ba fon ɗin da babu shi a can zai canza, lanƙwasar da ka sha wahalar sawa ta bi iska. Wannan ilimi ne na gaske, kuma mu 'yan waya muna buƙatarsa.

Amma maganar gaskiya, ba yaran waya ne suka fara zubar da lanƙwasa ba. Ku dubi allunan shaguna da kalandun da aka buga tun kafin a san Android. CorelDraw tun 1989 yake, Photoshop tun 1990, Canva kuwa sai 2013 ya fito. Shekara nawa ke nan ana buga mana "Dakin Taro" da "Kungiyar Matasa" kafin yaron da ake zagi ya mallaki waya? Gadon abin suka yi.

Kuma ni ban yarda cewa waya ta lalata sana'a ba. Ta buɗe ƙofa ce. Da can sai mai kwamfuta da janareto, ko wanda ya yi shekaru yana yi wa oga hidima. Yau yarinyar da take cikin gida, wadda ba za a bar ta ta je ta zauna a shago ba, tana haɗa wa masu sayar da atamfa da kayan miya talla tana samun na kati da na sabulu. Na san ɗalibin da da kuɗin fulaya yake biyan kuɗin hoton takardu a jami'a. Mai dambun nama da ba za ta taɓa iya biyan kamfani ba yanzu tana da tambari a jikin robarta. Wanda ya raina wannan bai san halin da ake ciki ba ne. Shi ya sa ma nake wannan dogon surutu. Da abin wasa ne da ban damu ba. Amma yau kusan duk rubutun Hausar da ido yake gani a titi da waya, daga sanarwar ɗaurin aure zuwa ta rasuwa, ta hannun waɗannan matasa yake bi. Sun zama maɗaba'a ba tare da sun sani ba. Yadda suka rubuta, haka na baya za su ɗauka ana rubutawa.

Akwai ma wani abin da ya fi na lanƙwasa nauyi, shi ne Larabci. Wasu manhajojin in ba a saita su ba sai su wargaza haruffan, su raba su ɗaiɗai, su jero su daga hagu zuwa dama. Na ga katin aure da aka yi wa Bisimilla haka, kuma an raba. Wanda ya haɗa bai lura ba, wanda ya buga bai lura ba. Don Allah in ba ka iya karantawa ba, nuna wa wanda ya iya kafin ka tura.

Sai kuma batun samfurin da ake samu a shirye a cikin manhajojin nan. Suna da sauƙi, ni ma ina amfani da su, amma an gina su ne a kan gajerun kalmomin Turanci. Gurbin da aka tanada don kalma biyu, kai kana da "Gayyatar Ɗaurin Aure" da sunayen iyalai biyu da na marigayi kaka. Sai a matse rubutu ya koma kamar tururuwa, ko a watsar da Hausar a rubuta da Turanci don ya shiga, alhali tsofaffin da za a kai wa katin ba sa karanta shi. Kuma duk katunanmu sun koma iri ɗaya, furen da ba ya tsirowa a ƙasarmu da zoben da ba al'adarmu ba. Alhali mu ba baƙin zane ba ne. Ku dubi aska takwas a gaban babbar riga. Ku dubi zayyanar allon mai sauka, yadda ake raba fili da ja da rawaya da baƙi ba tare da wani ya danne wani ba. Ku dubi zanen bangon tsofaffin gidajen Zariya da Kano, da na hular zanna, da na ƙwarya, da lallen amare. Na taɓa ɗaukar hoton zayyanar wani tsohon allo na bi layukanta na yi wa kati iyaka da ita. Ban taɓa yin aikin da aka tambaye ni "a ina ka samo wannan" kamarsa ba, alhali a zauren gidanmu yake rataye shekara da shekaru.

Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira ta shigo, kana faɗa mata abin da kake so tana zana maka. Na gwada. Hoto kam tana yi, har ka ji tsoro. Amma a gwajin da na yi, in na ce ta sa rubutun Hausa a ciki, wani lokacin ta cinye lanƙwasar, wani lokacin ta ƙirƙiro harafin da babu shi a kowane harshe. Abin da nake yi shi ne in karɓi hoton ba rubutu, in ɗora rubutun da hannuna.

Zaɓen 2027 yana tafe, kuma kowa ya san kakar masu dizain ke nan. Fostoci za su rufe gadoji da turakun lantarki. Ina roƙon masu ba da aiki, 'yan siyasa da ƙungiyoyi da iyayen biki, ku riƙa karanta abin da aka kawo muku kafin ku ce a buga, ba hotonku kaɗai za ku duba ko ya yi haske ba. Wanda zai rubuta cewa zai "gina kasa" ya sani cewa abokan hamayya ma sun iya karatu. Sannan ku biya yaran nan haƙƙinsu. Ba zai yiwu ka ba mutum naira 1,000 da "Allah ya yi albarka", ka ce kana so nan da minti talatin, sannan ka sa ran zai zauna yana neman fon ɗin da ya dace ba. Datar ma da kuɗinsa ya saya.

Shi kuwa ƙanin nawa da ya jawo duk wannan rubutun, fostarsa cewa take "Taron kara wa juna sani." Na tambaye shi karan dawa ne ko na gero. Ya yi dariya ya ce, "Yaya ai fon ɗin ne ba ya ɗauka." Na tura masa Andika da jimlar Ɗanladi. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ya dawo min da ita a gyare, yana mitar wai ta farkon ta fi kyau. Na duba, gaskiya ta farkon ta ɗan fi ƙyalli. Na ce ya bar ta haka, ya ƙara wa kanun kauri, ya rage hotunan shugabannin ƙungiya daga bakwai zuwa uku. A kan wannan na ƙarshen ne har yanzu ba mu daidaita ba, wai ma'aji ya ce in babu hotonsa ba zai fitar da kuɗin bugawa ba.